Tsarabar da Muke Kaiwa Gida Ba da Saninmu Ba



Mun ɗauki makonni muna juya wannan magana a ofis kafin mu yarda mu ɗora ta a shafi. Wasu daga cikin dattawanmu sun ce a bar ta a bakin maza kawai, bayan sallar isha'i, kamar yadda aka saba da irinta. Daga baya suka amince a rubuta, saboda waɗanda abin ya fi cutarwa ba sa zuwa zaman bayan isha'i. Suna can gida, a Bichi da Illela da Funtuwa da Haɗeja, kuma da yawansu suna karanta wannan shafi a wayoyin da mu muka saya musu. Wanda ya ga kalmar da ta yi masa nauyi ya yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu da ke riƙe da littafin asusun taimako mun san akwai layin da ake rubuta dalilin neman gudummawa. In aka cire rasuwa da kamen babur, dalilin da ya fi cika shafukan shi ne "rashin lafiyar iyali". Haka muke rubutawa, ba ma tambayar wace irin rashin lafiya, don tambayar ba ta cikin tarbiyyarmu.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce, wani ɗan'uwa mai sana'ar albasa a Mile 12 ya shigo a gigice. An bugo masa waya daga gida cewa iyalinsa ta yanke jiki ta faɗi, an kai ta asibiti, likita ya ce ciki ne ya zauna a bututun mahaifa maimakon cikin mahaifar, kuma ya fashe, sai an yi aiki a daren. Shekararsu tara da aure, 'yarsu ɗaya, tun daga ita shiru. Muka haɗa abin da ya sawwaƙa, ya bi motar dare. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi.

Da ya dawo, ya zo yin godiya ranar taron wata. Aka watse, shi bai tashi ba. Sai da ofis ya rage mu biyu da ma'aji, sannan ya ce likitan da ya yi aikin ya kira shi gefe. Ya gaya masa an cire bututu ɗaya, ɗayan kuma duk tabo ne na tsohon ciwon da ba a yi wa magani ba. Sannan ya tambaye shi ko ya taɓa ganin mugunya na fita daga gabansa, ko ya yi fama da zafin fitsari. Ya taɓa, har sau uku a shekarun da ya yi a nan. Kowane karo kemis ya je, aka ƙirga masa kafso na kwana biyu, abin ya lafa, ya manta. A tsakanin nan kuwa yana zuwa gida duk bayan wata huɗu ko biyar. Shekara bakwai matar nan tana shan saiwoyi da rubutu, ana ce mata iska ce, ana yi mata gorin haihuwa, har Hajiyarsa ta fara nema masa wata. Ya dube mu ya ce, "Sakatare, ke nan ni na yi mata wannan?"

Ba mu da amsar da za mu ba shi a ranar. Shi ne ya ba mu izinin ba da labarin, da sharaɗin kada a kama suna, kuma mun sauya abin da zai sa a gane shi. Don haka masu lissafin wane ne ya je gida bayan Sallah su huta.

Abin da muka yi shi ne muka roƙi wata 'yarmu, haifaffiyar Agege, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin gwamnati, ta zo ta zauna da shugabanni. Ta yi kusan awa uku tana magana, dattawa na kallon tabarma. Game da tambayar ɗan'uwanmu, ta ce ba wanda zai rantse, domin ciwon da kan biyo bayan haihuwa ko ɓari shi ma yana toshe bututu. Amma ta ce labarinsa shi ne labarin da suke gani kullum.

Farkon abin da ta gyara mana shi ne kalmar "sanyi" kanta. Mu Hausawa mun zuba cututtuka da yawa a cikin wannan kalma guda. Mace ta ji ƙaiƙayi, sanyi. Namiji ya ga mugunya, sanyi. Ciwon mara, ciwon baya, saurin kawowa, rashin haihuwa, duk sanyi. Alhali wasu daga cikin abubuwan da mata ke fama da su, kamar farin ruwa mai kauri da ƙaiƙayi irin wanda kan zo lokacin ciki ko bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ta hanyar saduwa ake ɗaukarsu ba. Budurwar da ba ta san namiji ba tana iya yinsu. Muna so maza su riƙe wannan da kyau, domin mun san aure ya mutu a kan zargin da ba shi da tushe. Haka fitsarin jini da yawancinmu muka yi muna yara saboda wanka a kududdufi, wannan tsargiya ce, ruwa ke kawo ta.

Amma akwai sanyin da ba a ɗauka sai ta saduwa, kuma a nan ne muka fi yaudarar kanmu. Mun koyi cewa "a masai na ɗauka", maganar da ta cika bakin kowa a garin nan. Ƙwayar ciwon sanyi na ainihi, wanda likitoci ke kira gonoriya, ba ta daɗewa a raye a wajen jikin mutum. Banɗakin kasuwa yana da laifuffukansa, kowa ya san yadda yake, amma wannan ba ya cikinsu.

Gonoriya tana bayyana ga namiji yawanci cikin mako guda bayan ya ɗauka: zafi kamar barkono wajen fitsari, da mugunya fara ko rawaya. Tana da abokiyar tafiya mai suna kilamidiya, wadda ta fi ta yawa a duniya kuma ta fi ta iya ɓuya. Sau da yawa tare suke shiga. Matsalar ita ce a jikin mace dukansu biyun sukan zauna ba tare da wata alama ba, ko da alama 'yar kaɗan da za ta ɗauka ta al'ada ce. Namiji yana da ƙararrawar da ke tashinsa, ita ba ta da ita. Ciwon sai ya haura daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai ke bi, ya kumbura su, in ya lafa ya bar tabo. Idan tabon ya toshe hanyar gaba ɗaya, ciki ba ya shiga. Idan ya ƙuntata ta kawai, cikin yana iya maƙalewa a hanya, abin da ya sami matar ɗan'uwanmu ke nan, kuma yana kisa cikin awoyi in ba a kai asibiti ba. Jaririn da aka haifa ta wannan hanya yana iya fitowa idanunsa na zubar da mugunya, in aka yi sake ya makance. Namijin ma bai tsira ba: ciwon yana sauka maraina ya kumbura su, yana kuma iya ƙuntata mafitsara har fitsari ya koma ɗigo.

Dukansu biyu suna warkewa sarai in an yi maganin da ya dace. To me ya sa ba ma warkewa? A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mutum zai shiga kemis ya rage murya ya ce "a haɗa mini na sanyi", yaron shago ya tambaye shi na nawa, ya ƙirga masa daidai kuɗinsa. Wani ma kafso ja-da-yalo yake haɗiya tun kafin ya fita yawonsa, wai rigakafi. Wani Ampiclox ne abokin tafiyarsa. Irin wannan shan magani rabi da rabi, a nan da sauran ƙasashe, shi ya koya wa gonoriya jure magunguna ɗaya bayan ɗaya. Fenisilin da ke kashe ta a zamanin iyayenmu ya daina, ja-da-yalo ya daina, Cipro ma a wurare da yawa ya daina. Yanzu allura guda ce aka fi dogara da ita, ana haɗa ta da ƙwayoyin kilamidiya na mako guda. Da gangan muka ƙi rubuta sunayensu, don mun san halinmu, gobe za a ga mutum a kemis da hoton wannan rubutu a waya. Ɗaukewar mugunya ba ita ce warkewa ba. Mutum yana iya daina ganin komai alhali yana ɗauke da ciwon, ya hau mota ya kai shi gida tare da atamfa da burodi.

Masu tallar magani da lasifika a bakin tasha kuma, waɗanda kwalba ɗaya ke maganin sanyi da basir da taifot da ƙarfin maza, ba za mu ɓata lokaci a kansu ba. Wasunsu 'yan uwanmu ne, muna gaisawa. Abin da muka sani shi ne ba wanda ya taɓa auna jinin mutum a bayan mota.

Sai tunjere, wanda a asibiti ake kira sifilis. Da yawanmu mun ɗauka ciwon mutanen da ne, ya tafi da zamaninsa. Yana nan. Yana farawa da ɗan gyambo guda a al'aura ko baki, kamar mako uku bayan ɗauka, ba ya zafi, kuma yana warkewa da kansa cikin 'yan makonni ko an sa magani ko ba a sa ba. Duk wanda ya shafa wani abu a kai sai ya ce maganinsa ne ya yi aiki. Bayan wani lokaci ƙuraje su feso a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su ɓace. Daga nan ya yi shiru shekara da shekaru, a wasu mutanen ya dawo ya taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa ko ido. Inda ya fi ɓarna shi ne mace mai ciki: ɓari, haihuwar ɗa ba rai, ko jariri mai ciwo tun daga ciki. Ga shi kuwa gwajinsa ɗigon jini ne a yatsa, maganinsa allurar fenisilin, wadda har yau tana kashe shi. Shi ya sa ake auna shi a awon ciki. Duk wanda ke hana iyalinsa zuwa awo, ko yake jin ƙyashin kuɗin motar zuwa, ya san abin da yake hana ta ganowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana sama da mutum miliyan ɗaya ke kamuwa da ɗaya daga cikin cututtuka huɗu masu warkewa: waɗannan ukun da muka ambata, da wata ta huɗu mai sa mata zubar ruwa mai wari da ƙaiƙayi, wadda maza kan ɗauke ta ba tare da sun ji komai ba. A 2020 kaɗai lissafin ya kai miliyan 374. Mun kawo adadin ne don wanda ke jin shi kaɗai abin ya sama ya san layin da yake ciki dogo ne, kuma ma'aikacin asibiti ba zai zare ido don ya ji nasa ba.

Akwai kuma waɗanda ba a raba mutum da su gaba ɗaya, sai dai a danne su. A cikinsu wanda ya fi ba mu tsoro a zaman nan ba ƙanjamau ba ne, ciwon hanta ne nau'in B. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da shi. A lissafa da yawan mutanen da ke cika masallacinmu ranar Juma'a. Ana ɗaukarsa ta saduwa, ta jini, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, kuma ƙwayarsa tana iya kai mako guda a raye a kan ƙarfe. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin aski da yankan farce da ƙaho sana'o'inmu ne a garin nan, mu ke yi, mu ake yi wa. Wa ya taɓa tambayar mai yankan farce ƙafa nawa almakashinsa ya taɓa tun safe? Ciwon yana zama shekaru ba alama, sai ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, mu ce shawara ce ko sammu. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya ko musabaha, kada a ƙyamaci kowa. Kuma yana da rigakafi mai ƙarfi: jariri a yi masa cikin awa 24 da haihuwa, domin jariran da suka ɗauka a lokacin kusan 9 cikin 10 suna zama da shi har girma, babba kuma a auna shi tukuna, in ba shi da shi a yi masa allura uku cikin wata shida. Mu da aka haifa kafin 2004, lokacin da aka sa wannan allura cikin rigakafin yara a ƙasar nan, yawancinmu ba mu samu ba.

Ƙanjamau kuwa an yi maganarsa har kunne ya gaji, amma da yawanmu labarin shekara ashirin da suka wuce muke riƙe da shi, na rama da mutuwa. Wancan bincike na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasar baki ɗaya. Yau wanda aka gano yana da ita, ya riƙe maganinsa kullum, yana rayuwa ya tsufa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Idan magani ya danne ƙwayar har gwaji ya daina ganinta a jini, ba ya sa wa matarsa. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana a wulaƙanta mutum ko a kore shi daga aiki saboda ita. Akwai abu biyu da ba mu sani ba sai ranar. Na ɗaya, wanda ya ji tsoron ya ɗauka, ko wadda aka yi wa fyaɗe, akwai maganin kwana 28 da ke hana cutar kamawa, amma sai an fara shi cikin awa 72. Na biyu, gwajin da aka yi washegarin abin ba ya nuna komai, sai an maimaita bayan wata uku.

A kan rigakafin kansar bakin mahaifa, mu ma muna da laifin da za mu amsa. A ƙarshen Oktoban 2023, da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta, Legas na cikin jihohin farko. Saƙonnin murya suka yi ta yawo a WhatsApp cewa ta hana haihuwa ce, wasunmu suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta a makon, mu kuma a ofis muka yi shiru don gudun surutu. Ƙwayar HPV ta saduwa ake ɗaukarta, kuma ta yaɗu har yawancin mutane sukan gamu da ita a rayuwa, ciki har da matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta. A yawancin mutane jiki yana kawar da ita. A wasu matan tana zama, bayan shekaru ta zama kansa. A 2020 mata kusan 12,000 aka gano da wannan kansa a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Allura ɗaya ce, kuma tana nan a asibitocin sha-ka-tafi.

To, mu dawo kan abin da ke ƙarƙashin duk wannan. Yawancinmu maza ne da suka baro iyali, muna kwana shida ko takwas a ɗaki ɗaya ko a rumfar kasuwa, muna ganin gida sau biyu ko uku a shekara. Direbobinmu suna kwana a hanya fiye da yadda suke kwana a gadonsu. Abin da addini ya ce kowa ya sani, malamanmu ba su gaza faɗa ba, kuma kame kai shi ne katangar da ba ta da ɓaraka. Wanda zai iya kawo iyalinsa kusa ya kawo, wanda zai iya yawaita zuwa gida ya yawaita. Amma littafinmu ya nuna mana ba kowa ke tsayawa a nan ba. Da 'yar tamu ta ambaci kwaroron roba, wani dattijo ya ce wannan ai buɗe ƙofa ne. Ta ce, "Baba, ƙofar a buɗe take tun kafin a haife ni. Ni ina magana ne a kan baiwar Allah da ke zaune a gida ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba." Ba wanda ya ƙara cewa komai. Robar tana kare yawancin waɗannan cututtuka in an sa ta daidai tun daga farko, ko da yake kariyarta ba ta cika ba a kan masu fitowa a fata, irin su tunjere da ƙurajen nan masu ruwa da ke tafiya su dawo.

Kuma ba duka ta hanyar banza ciwon ke shiga gida ba. Muna aure, muna saki, muna auren zawarawa, muna ƙara ta biyu da ta uku. Mutum ɗaya ya shigo da shi daga auren baya, gida duka ya ɗauka. Jihar Kano ta yi doka a 2024 da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Auren da ake ɗaurawa a unguwanninmu na nan ba abin da ya hana mu nemi takardar gwaji kafin a raba goro, kuma mun kai wa limamanmu wannan shawara.

Mafi wuya shi ne faɗa wa iyali. Magani ba ya aiki in mutum ɗaya ya sha: ka warke, ka koma gida, ka sake ɗauka daga wadda kai ka sa wa. Dole a yi wa miji da mata tare, in mata uku ne su ukun, ko da ba wadda ke jin komai, a kuma ƙaurace wa shimfiɗa har kwana bakwai bayan gama magani. Mun tambaya ko akwai dabarar da mutum zai bi ba tare da ya tona kansa ba. Ta ce ma'aikatan asibiti sun saba, mutum yana iya cewa likita ya ce a duba su tare, su kuma ba aikinsu ba ne su yi shari'ar wa ya kawo. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a aika mata ƙwayoyi a leda ta hannun direba a ce na ƙarin jini ne. Mace mai ciki ba kowane magani take sha ba, kuma wadda ciwon ya riga ya haura mata sama tana buƙatar fiye da abin da aka ba mijinta.

Shugabanni sun amince da abu biyu. Duk ɗan ƙungiyar da ke son zuwa asibitin gwamnati a duba shi amma yana jin nauyin Turanci ko Yarabanci, ya same mu a ofis shi kaɗai, za mu haɗa shi da wanda zai raka shi, kuma ba za a rubuta komai a littafi ba. Sannan muna neman a kawo mana ma'aikata su yi gwajin ciwon hanta da ƙanjamau a harabar ofis, kowa ya karɓi sakamakonsa a hannunsa, in rana ta tsaya za mu sanar a nan.

Ɗan'uwanmu ya je an auna shi, ya gama maganinsa. Makon jiya ya sake hawa mota zuwa gida don ya kai iyalinsa wajen likitan mata, a ga abin da za a iya yi da bututun da ya rage. Ya ce zai fara zama da Hajiyarsa tukuna, ya gaya mata a dakatar da maganar ƙarin auren, kuma a daina ba yarinyar nan saiwoyi. Mun tambaye shi ko zai faɗa mata dalili. Ya ce yana ta tunani tun daga Ojota, wataƙila kafin mota ta kai Jebba ya samu yadda zai fara.

Sakatare, a madadin shugabanni.